An Yanke wa Ɗan'uwanku Hukuncin Rataya: Abin da Za Ku Yi Daga Ranar Hukunci Har Zuwa Teburin Gwamna

Idan alƙalin Babbar Kotun Jiha ya sami mutum da laifin kisan kai da gangan, ba shi da zaɓi a kan hukunci. A jihohin Arewa sashe na 221 na dokar laifuka ta Final Kod (Penal Code) ya ce kisa, a Kudu kuma sashe na 319 na dokar laifuka ta can ya faɗi haka. Wasu jihohi, kamar Kaduna, sun sabunta dokarsu sun sauya lambobin sassan, amma hukuncin yana nan yadda yake. Shi ya sa roƙon sassauci da lauya ke yi bayan an tabbatar da laifi ba ya sauya komai. Alƙali zai saurara, ya rubuta, ya karanta hukuncin rataya. Kotun Ƙoli ma ta riga ta yanke, tun 1998 a shari'ar Onuoha Kalu, cewa hukuncin kisa bai saɓa wa tsarin mulki ba, don haka kada wani ya karɓi kuɗinku da alkawarin zai je ya rushe shi ta wannan ƙofa.

Abin da ya kamata dangi su sani shi ne maganar ba ta ƙare a ranar ba. Akwai kotuna biyu a gaba, akwai kwamitin afuwa, akwai sa hannun gwamna. Da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a ɗakin masu jiran kisa, waɗanda yawansu a Najeriya ya haura 3,000, ba su taɓa kai ƙararsu gaba ba. Wa'adi ya wuce su ana zaman makoki, ko lauyan farko ya janye saboda kuɗi sun ƙare, ko takardu sun maƙale a ofishin rajistara.

Makon farko

Daga ranar da aka karanta hukunci ake fara ƙirga kwana 90 na ɗaukaka ƙara. Asabar da Lahadi da ranakun hutu duk suna ciki. Ku rubuta ranar a takarda, ku ƙirga, ku rubuta ranar ƙarshe, sannan ku sa wa kanku wa'adin kwana 30.

Ku nemi kwafin hukuncin mai hatimin kotu daga rajistara. Sashe na 36(7) na tsarin mulkin 1999 ya ba wanda aka yi wa shari'a damar samun kwafin cikin kwana 7 da kammala ta. A aikace yakan ɗauki fiye da haka, domin sai an buga, alƙali ya duba ya sa hannu. Ku nema a rubuce, ku sa a buga muku hatimin karɓa a kan kwafin wasiƙarku. Wannan ƙaramar takarda ita za ta zama hujjarku in an sami jinkiri daga baya.

Ku kuma tabbatar da inda aka kai shi. Ana yawan ɗauke waɗanda aka yanke wa kisa daga ƙananan gidajen gyaran hali zuwa manya kamar na Kaduna ko Jos, wani lokaci ba tare da an sanar da kowa ba. Ku san jami'in walwala na gidan da jami'in ajiye bayanai, domin ta hannunsu takardun sa hannu za su bi.

Sai batun lauya. Wanda ya yi shari'ar farko ya san ta ciki da bai, amma in kuskuren nasa ne, da wuya ya rubuta shi a matsayin dalilin ɗaukaka ƙara. Ya fi kyau wani lauya na dabam ya karanta hukuncin, ko da na farkon ne zai ci gaba. In babu hali, hukumar ba da agajin shari'a ta ƙasa, wadda ake kira Ligal Ed, tana da ofishi a jihohi, kuma kisan kai yana cikin laifukan da dokarta ta 2011 ta ɗora mata. Reshen ƙungiyar lauyoyi ta NBA na garinku yana da masu aikin sa kai, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana karɓar shari'ar mata da yara, haka nan ƙungiyoyin lauyoyi masu zaman kansu irin su LEDAP da Avocats Sans Frontières France sun daɗe suna aiki a kan shari'o'in kisa. Ku je da kwafin takardar tuhuma da lambar shari'a. Zuwa hannu rabbana ɓata lokaci ne.

Sanarwar ɗaukaka ƙara

Ba a buƙatar izinin kowa. Sashe na 241(1)(e) na tsarin mulki ya ce duk wanda Babbar Kotu ta yanke wa kisa yana da haƙƙin zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara kai tsaye. Ana shigar da sanarwar a rajistarar kotun da ta yanke hukuncin, ba a kotun sama ba, kuma wannan kuskure ne da ake yawan yi. A cikinta za a rubuta dalilai ɗaya bayan ɗaya, kowanne da bayanin inda alƙali ya kauce.

Ku nace wanda aka yanke wa hukuncin ya sa hannu da kansa ko ya dangwala yatsa. An sha korar ƙararrakin laifi saboda lauya ne ya sa hannu a madadin mai ɗaukaka ƙara. Dokokin kotu sun sha gyara a kan wannan, amma sa hannunsa da kansa shi ne abin da ba wanda zai yi jayayya da shi. In kwafin hukunci bai fito ba kuma wa'adi na matsowa, a shigar da sanarwa da dalili guda na gama-gari, cewa hukuncin bai dace da shaidun da aka gabatar ba. Daga baya a nemi izinin ƙara dalilai.

Da zarar an shigar, ku yi kwafi huɗu masu hatimi: ɗaya ga shugaban gidan gyaran halin, ɗaya ga ofishin Antoni Janar na jiha, ɗaya ga lauya, ɗaya a gida. Dalilin wannan yana cikin tarihin shari'a. An kashe Nasiru Bello a jihar Oyo alhali ƙararsa tana gaban kotu, kuma a 1986 Kotun Ƙoli ta ce kisan haramtacce ne, ta ba iyalansa diyya. Doka ta hana zartar da hukunci muddin ƙara na nan, amma sai takarda ta shiga fayil ɗin mutum sannan jami'i zai san da ita.

In kwana 90 sun riga sun wuce, ko da shekaru ne, ƙofa ba ta rufe ba. Lauya zai nemi ƙarin lokaci a Kotun Ɗaukaka Ƙara tare da takardar rantsuwa. Abu biyu kotu ke dubawa: gamsasshen dalilin jinkiri, da dalilan ƙara masu nauyi. Rashin lauya, talauci da sauya wa fursuna gida ba da saninsa ba dalilai ne da kotuna ke saurara a shari'ar rai, amma a bayyana su da ranaku, kada a tsaya ga cewa "ba mu da hali".

Kundin shari'a, inda ƙararraki ke kwana

Kotun sama ba ta sake kiran shaidu. Abin da take karantawa shi ne kundin shari'a: takardar tuhuma, duk abin da alƙali ya rubuta daga bakin shaidu, takardun da aka karɓa a matsayin hujja, jawaban lauyoyi da hukuncin. Rajistaran kotun farko ne ke haɗa shi ya tura. A nan ne ƙara kan yi shekara biyu ko uku ba motsi. A ƙa'ida ba a karɓar kuɗin shigar da ƙara a shari'ar kisa, amma buga rubutun hannun alƙali da yin kwafi suna cin kuɗi, kuma in ba mai bibiya, fayil sai ya koma ƙasan tari. Ku ware mutum ɗaya a dangi mai haƙuri da iya karatu, ya riƙa leƙawa duk mako biyu, ya karɓi rasit a kan duk abin da ya biya.

In kundin ya fito, lauya ya bi shi shafi-shafi. Shafin da ya ɓace, ko hujjar da ba a haɗa ba, dole a nemi a cike su kafin a ci gaba. Bayan an tura kundin, mai ɗaukaka ƙara yana da kwana 45 ya shigar da rubutaccen jawabinsa, gwamnati kuma kwana 30 ta mayar da martani. Alƙalai uku ne ke zama. Akwai rassan kotun a Kano, Kaduna, Sakkwato, Jos, Yola, Gombe da Abuja, kowanne da jihohin da ke ƙarƙashinsa.

Abin da lauya zai nema a cikin kundin

Nan ne ya kamata a daɗe. Mai gabatar da ƙara sai ya tabbatar da abu uku ba tare da wata shakka mai ma'ana ba: mutum ya mutu, aikin wanda ake tuhuma ne ya kashe shi, kuma ya yi da nufin kisa ko da sanin cewa mutuwa ce za ta iya biyo baya. In ɗaya ya faɗi, hukuncin ya faɗi. Kada ku dogara da cewa ba a yi binciken gawa ba. A Arewa akan binne mamaci a ranar, kuma kotuna sun sha cewa in mutum ya mutu nan take bayan sara ko suka, ba sai likita ya faɗi sanadi ba. Rahoton likita yana da nauyi ne in an ɗauki kwanaki ko makonni tsakanin rauni da mutuwa.

Mafi yawan hukuncin kisa a ƙasar nan a kan takardar amsa laifi ta ofishin 'yan sanda suke tsaye. Sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana karɓar ikirarin da aka samu ta duka ko azaba. Amma lokacin ƙin amincewa shi ne sa'ad da mai gabatar da ƙara ya miƙa takardar, sai alƙali ya tsayar da shari'a ya yi ƙaramar shari'a a kan yadda aka samo ta. In lauya ya yi shiru a lokacin, tayar da maganar daga baya yana da wuya ƙwarai. A duba ko an yi ƙaramar shari'ar, a duba ko alƙali ya auna ikirarin da sauran shaidu. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, da irinta ta jihohi kamar ta Kaduna ta 2017 da ta Kano ta 2019, sun yi tanadin ɗaukar jawabi a bidiyo ko a gaban lauya, kuma Kotun Ƙoli ta ƙarfafa wannan a hukunce-hukuncenta na baya-bayan nan. Lauya ya karanta lafazin dokar jihar da abin ya faru, domin sun ɗan bambanta.

Ga wani abu da ya shafi Bahaushe kai tsaye. Mutum ya yi jawabi da Hausa, ɗan sanda ya rubuta da Turanci, aka ce ya dangwala. In ta bakin tafinta aka ɗauki jawabin, sai an kira tafintan ya ba da shaida, in ba haka ba takardar ji-ta-ji-ta ce a idon doka. In akwai rubutun Hausa da fassararsa, a duba ko duka biyun aka miƙa, kuma a gwada su layi-layi. "Na buge shi" da "na kashe shi" ba ɗaya ba ne, amma a fassara sukan zama ɗaya. A cikin kotu ma sashe na 36(6)(e) na tsarin mulki ya wajabta a ba shi tafinta kyauta in bai jin harshen da ake shari'a da shi, kuma ya kamata kundin ya nuna an karanta masa tuhuma an fassara ya fahimta. Ko ya ce ya amsa laifi, a shari'ar kisa kotu takan rubuta bai amsa ba, ta nemi a kawo shaidu. Haka nan ba a yi wa mutum shari'ar rai ba lauya. Kundin da ya nuna an saurari shaida ranar da lauyansa bai zo ba dalili ne babba.

Sai kariyar da doka ta tanada, wadda alƙali wajibi ne ya duba ko da lauya bai ambata ba, in dai shaidu sun nuna alamarta. Tsokana mai tsanani ta farat ɗaya, da faɗan da ya ɓarke ba shiri, suna cikin sashe na 222 na Final Kod, kuma suna sauko da laifi zuwa sashe na 224, wanda hukuncinsa ɗauri ne, na rai da rai ko ƙasa da haka. Sharaɗin tsokana shi ne a yi aikin kafin zuciya ta huce. Wanda ya koma gida ya ɗauko adda ya dawo ya fita daga ciki. Taɓin hankali yana sashe na 51, kuma wanda ake tuhuma ne zai kawo hujja: katin asibiti, likita, maƙwabtan da suka san halinsa kafin ranar. Kare kai yana wanke mutum gaba ɗaya, sai dai kotuna suna tsaurarawa. A Maris 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin kisa a kan wani manomi daga Adamawa da ya ce an kai masa hari da wuƙa a gonarsa, bisa cewa bayan ya ƙwace wuƙar yana da damar gudu. Hukuncin ya jawo muhawara sosai, amma yana nuna yadda ake auna lamarin. Wanda kuma ya ce ba ya wurin, ana son ya faɗa tun a ofishin 'yan sanda, da sunan wuri da mutanen da yake tare da su. In ya faɗa ba a bincika ba, wannan dalili ne.

Shekaru ma a duba. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta hana yanke kisa ga wanda bai kai 18 ba a ranar da aka yi laifin, ba ranar hukunci ba. Inda babu takardar haihuwa, rajistar firamare, katin rigakafi da shaidar mai unguwa suna taimakawa. Mace mai ciki kuma ba a zartar mata da hukunci sai ta haihu ta yaye.

Kotun Ɗaukaka Ƙara na iya sallamarsa, ko ta mayar da laifin ƙarami, ko ta ce a sake shari'a, ko ta tabbatar da hukuncin.

Kotun Ƙoli

In an tabbatar, wa'adin zuwa Kotun Ƙoli kwana 30 ne kacal, kuma mutane da yawa suna zaton 90 ne kamar na baya. Sashe na 233(2)(d) na tsarin mulki ya ba da haƙƙin kai tsaye. Alƙalai biyar ke zama a Abuja. Ku sani cewa in kotuna biyu sun yarda a kan abin da ya faru, Kotun Ƙoli ba ta cika taɓawa ba sai an nuna mata karkata bayyananniya. Jira yakan kai shekaru.

In kotun Musulunci ce ta yanke

Hanyar ta bambanta. A ƙarƙashin dokokin shari'ar Musulunci da jihohi suka kafa daga 2000, kisan ganganci hukuncinsa ƙisasi ne, kuma haƙƙin yana hannun waliyyan jini, wato magadan mamaci, kamar yadda aya ta 178 ta Suratul Baƙara ta nuna. Suna iya neman ƙisasi, ko su karɓi diyya, ko su yafe. Asalin diyya raƙuma 100 ne, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa, shi ya sa ƙimarta a naira take bin farashin zinariya. A mazhabar Malikiyya wanda aka yafe wa yana shan bulala 100 da ɗaurin shekara guda, kuma kisan gilla, wato a yaudari mutum a kashe shi don abin hannunsa, ba ya karɓar yafiya. Wa'adin ɗaukaka ƙara a nan yakan zama kwana 30. Lauya ya tabbatar da kotun da za a nufa, domin a Kano irin waɗannan ƙararrakin laifi Babbar Kotun Jiha suke zuwa. Kada a ɗauki jinkiri da wasa: Sani Yakubu Rodi, wanda kotun Musulunci a Katsina ta yanke wa hukunci, an rataye shi a Kaduna a Janairun 2002 ba tare da ƙararsa ta je sama ba.

A Babbar Kotu kuwa yafiyar dangin mamaci ba ta tsayar da shari'a, don ƙarar ta gwamnati ce. Amma tana da nauyi a matakin afuwa. In za a nemi sulhu, a tura dattawa da malamai da mutanen gidan ke girmamawa, a bari zafin rashi ya lafa, kada a fara da maganar kuɗi, kuma kada a matsa. Sun rasa rai, kuma ƙin yafewa haƙƙinsu ne. In sun yafe, a rubuta, magada na haƙiƙa su sa hannu a gaban shaidu, a yi rantsuwa a kotu.

Teburin gwamna

Bayan kotuna, ba a rataye kowa sai gwamna ya sa hannu. Sashe na 212 na tsarin mulki ya ba shi ikon yin afuwa, ko mayar da kisa ɗauri, bayan ya shawarci kwamitin afuwa na jiha, wanda galibi Antoni Janar ke shugabanta. Gwamnan jihar da aka yi shari'ar ne mai ikon, ko da fursunan yana tsare a wata jiha. Laifin tarayya da na Abuja kuma na shugaban ƙasa ne a sashe na 175.

Takardar roƙo ta bi ta ma'aikatar shari'a, a haɗa da kwafin hukunce-hukuncen, rahoton hali daga gidan gyaran hali, shaidar karatu ko sana'ar da ya koya a ciki, rahoton likita in akwai ciwo ko tsufa, wasiƙar hakimi ko limami, da takardar yafiya in an samu. Kada a sake jayayya da hukunci a cikinta, kwamiti ba kotu ba ne. Gwamnoni sun fi yin afuwa a ranar 1 ga Oktoba, ranar dimokuraɗiyya, sallah da sabuwar shekara, don haka a shigar wata biyu ko uku kafin nan. In ba a dace ba a sake nema. A kuma yi shawara da lauya kafin a nemi afuwa alhali ƙara na kotu, kuma kada a janye ƙara saboda alkawarin baki. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ya sa suna a jerin afuwa, ku guje shi.

Gwamnoni sun daɗe suna ƙin sa hannu. Ratayewar da aka sani ta baya-bayan nan a Benin ta jihar Edo aka yi, mutum 4 a Yunin 2013 da mutum 3 a Disambar 2016. Amma wannan al'ada ce, ba doka ba, kuma gwamna na iya sauya ta gobe.

Akwai tanadi guda da dangi kaɗan suka sani. Sashe na 12(2)(c) na Dokar Hukumar Gyaran Hali ta 2019 ya ce wanda ya gama duk matakan ɗaukaka ƙara, kuma shekara 10 suka wuce ba a zartar ba, Babban Jojin jiha na iya mayar da hukuncinsa ɗaurin rai da rai. Lafazin "na iya" ne, don haka sai an nema. Lauya ya rubuta wa Babban Joji, ya haɗa hukuncin kotuna ukun da takardar gidan gyaran hali mai nuna ranar da aka shigar da shi, ya kuma nemi a sa sunansa cikin waɗanda za a gabatar in Babban Jojin ya kai ziyarar duba fursunoni. Sharaɗin gama matakai yana nufin wanda bai taɓa ɗaukaka ƙara ba zai iya samun cikas a nan, ko da ya shekara 20 a ciki, saboda haka a fara da neman ƙarin lokaci.